Cape Point: Daji, Iska da Jagoran da ke Cikin Kunne

A watan Disamban 2024 ƙanena ya kammala digiri na biyu a Cape Town, Afirka ta Kudu, kuma da yake mahaifinmu ba ya jure doguwar tafiya yanzu, ni aka wakilta in je in tsaya masa a wajen biki. Biza ta fito bayan dogon jira, na haɗa da katin rigakafin zazzaɓin shawara, wanda sai da shi ake barin wanda ya fito daga Najeriya ya shiga ƙasar. Daga filin jirgin Malam Aminu Kano muka tashi zuwa Addis Ababa, muka kwana, da safe muka miƙa kudu. Jami'in shige da fice ya nemi takardar gayyata da tikitin komawa, ya buga hatimi, na fito.

Na baro Kano hunturu na busawa, leɓe na tsagewa, na sauka a tsakiyar lokacin zafinsu. Rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe takwas, asuba kuwa kafin huɗu ta yi. Motoci a hannun hagu suke tafiya. Ƙanena ya kama mini ɗaki a Bo-Kaap, tsohuwar unguwar Musulmi da ke gangaren dutsen Signal Hill, inda kowane gida da kalar fentinsa. Kakannin mutanen unguwar Turawan Holan ne suka kwaso su, wasu bayi wasu fursunonin siyasa, daga tsibiran Indonisiya da Indiya da gabashin Afirka. A masallacin Auwal na riƙa salla, wanda aka kafa a 1794. Malaminsu na farko, Tuan Guru, a tsare yake a tsibirin Robben lokacin da ya rubuta Alƙur'ani da ka, a tsibirin da daga baya aka ɗaure Mandela. Abinci bai ba ni wahala ba, halal ko'ina. Na ci bobotie, wato niƙaƙƙen nama da aka gasa da ƙwai a samansa, ga kayan ƙamshi, na kuma saba da jan shayinsu na rooibos.

Da aka gama biki, sai na ce ina son ganin daji. Ni malamin aikin gona ne, na kai ɗalibai Yankari, na je Dagona kallon tsuntsaye, kuma ba na jin na ga ƙasa in ban taka dajinta ba. Ƙanena ya ce: "Yaya, ai sai Cape Point. Amma jagora mai tafiya da mutum yana da tsada, kawo wayarka." Ya sauke mini wata manhaja da intanet ɗin masauki, ya zaɓi bayanin wurin ya sauke shi gaba ɗaya, saboda a can sabis ba shi da tabbas. Yadda abin yake aiki shi ne: wayar tana gane inda kake tsaye, kana isa wani wuri sai murya ta fara magana da kanta, ta gama ta yi shiru, ta bar ka har ka kai wuri na gaba. Ya ba ni iyafis ɗinsa da fawa-bank. Shi yana da takardun makaranta da zai kammala, don haka ya haɗa ni da wani dattijo mai motar haya da suke salla tare. Kowa Boeta yake ce masa, yadda suke kiran babban wa a can, ni ma na bi sahu.

Cape Point wani tsinin ƙasa ne da ya kutsa cikin teku a kudu da birnin, nisan wajen kilomita 60 ne. Mun bi gaɓar False Bay, ta Muizenberg da Kalk Bay da Fish Hoek, teku a hagunmu, layin dogo a tsakaninmu da ruwa. Babu shingen bincike ko ɗaya a hanya, babu mai tsayar da kai ya ce a buɗe but. Da muka shiga Simon's Town, garin sojojin ruwa, Boeta ya rage gudu ya nuna mini wani layi da ya hau tudu. Ya ce nan aka haife shi. A 1967 gwamnatin wariyar launin fata ta ayyana garin a matsayin na farar fata zalla, aka kwashe iyalai da dama aka kai su Ocean View, can bayan duwatsu. Mahaifinsa masunci ne, sai ya wayi gari tsakaninsa da kwalekwalensa akwai tafiyar mota. Masallacinsu na nan har yanzu a garin, kuma ya ce yakan zo Juma'a lokaci-lokaci don kada ƙafarsa ta ɗauke. Bai ɗaga murya ba, bai zagi kowa ba, ni kuwa na rasa abin cewa sai "Allah ya saka muku, Boeta." Ya amsa da amin, muka wuce.

A ƙofar shiga farashi hawa uku ne: na ɗan ƙasa, na ƙasashen kudancin Afirka, da na sauran duniya. Ɗan Najeriya yana cikin na ƙarshe. Na biya sama da rand 400, a lokacin rand ɗaya ta haura naira 80, ka ga ana maganar kusan naira dubu 40 ke nan. Boeta bai biya ko kashi ɗaya cikin uku na wannan ba. Da kati muka biya. Kuɗin da yawa, amma tsarin ya burge ni, domin mai ƙasa bai kamata kuɗin ƙofa ya hana shi ganin dajin kakanninsa ba.

Muna wuce ƙofa muryar ta fara. Namiji ne, Turancinsa a hankali, ba gaggawa. Ya ce an keɓe wannan yanki tun 1939, faɗinsa hekta 7,750, yanzu kuma yana cikin gandun Table Mountain. Ni kuwa ina duba ta taga, gwiwata ta ɗan yi sanyi. Babu itace ko ɗaya mai inuwa. Babu kuka, babu maɗaci, babu marke. Ƙananan tsirrai ne iya gwiwa zuwa ƙugu, shimfiɗe har bakin ruwa, kamar saurar da sabara da geza suka cinye. Da ni kaɗai ne da idona, da na ce wa Boeta ya taka mota mu je mu ga tekun mu juyo.

Sai muryar ta ce, in da hali, a tsaya a wurin ajiye mota na gaba, a sauka, a tsuguna. Na roƙi Boeta ya tsaya. Ta ce in zaɓi fili taku ɗaya in ƙirga irin ganyen da ke ciki. Na fara ƙirga, lissafi ya ƙwace mini. Wani ganyensa siriri kamar allura da 'yan furanni masu siffar ƙararrawa, shi ne erica. Wani tsinke ne zalla ba ganye, shi ne restio, da shi suke jinkar ɗaki. Wani kuma ganyensa kauri da tauri, furensa ya kai tafin hannu, shi ne protea, wanda babbansa ne furen ƙasar. Wannan daji da suke kira fynbos, a wannan yanki na Cape Point kaɗai yana da tsirrai kusan iri 1,100. Yankin Cape baki ɗaya yana da kusan 9,000, kuma wajen kashi biyu cikin uku ba sa fitowa a ko'ina a duniya sai nan. Shi ya sa UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2004. Mu Hausawa muna cewa gani ya kori ji, amma a wannan fili sai da na ji sannan na gani.

Abin da ya fi tsaya mini a rai maganar wuta ce. Ƙasar wurin yashi ce marar taki, shi ya sa ba ta ɗaukar manyan garken dabbobi, shi ya sa kuma ganyayen suka yi tauri da ɗaci. Tsirran sun dogara da gobara. In aka shekara goma sha wani abu, sai wuta ta bi ta kansu kafin su sabunta. Wasu protea suna riƙe irinsu a cikin ƙoƙo mai tauri shekara da shekaru, ba sa saki sai wuta ta kashe uwar, sannan iri ya zube a kan toka. Wasu irin ba sa tsira sai hayaƙi ya taɓa su. Wasu kuma suna da ɗan maiƙo a jiki wanda tururuwa ke so: ta ja irin zuwa raminta, ta cinye maiƙon, ta bar ƙwayar a ƙarƙashin ƙasa inda ɓera ba ya samu, wuta ba ta ƙonawa. Sai ga wata baƙuwar tururuwa daga Ajantina ta shigo ƙasar, ita tana cin maiƙon ta yar da irin a fili. Na daɗe a tsugune ina kallon 'yan tururuwa suna kai da komo, ina tasbihi. Shekaru ina koya wa ɗalibai illar ƙona daji, kuma gaskiya ce a wajenmu inda ake cinna wuta kowace shekara don farautar gafiya, amma ga wani daji da Allah ya ɗaura rayuwarsa a kan wuta, muddin ta zo a kan lokacinta. In ta yawaita, tsiron bai kai ga yin iri ba, nan ma asara ce.

Muryar ta kuma yi bayanin itatuwan ƙaya da aka kawo daga Ostireliya don su riƙe yashi, suka zo suka mamaye daji suna shanye ruwa. Tun 1995 gwamnati ke ɗaukar marasa aiki suna sare su. Boeta, da na maimaita masa, ya ce ruwa ba abin wasa ba ne a garinsu: a 2018 fari ya kai an ƙayyade wa kowane mutum lita 50 a yini. Ni kuwa kacalla ce ta faɗo mini, yadda ta toshe hanyoyin ruwa a fadamar Haɗeja da Nguru.

Mun ci gaba a hankali. Mun tsaya wa kunkuru ya tsallaka titi. Mun ga bontebok, wata dabba dangin kanki mai farar fuska, mun hango eland, wani ƙaton dangin barewa, daga nesa, sannan a kusa da wani tsinin ƙasa da ake kira Cape of Good Hope muka ga jimina tana kiwo a bakin teku, igiyar ruwa na fashewa a bayanta. Wannan ban taɓa tsammanin gani ba.

Sai gwaggon biri. Tun kafin mu gan su muryar ta yi gargaɗi: a rufe gilashi, a kulle ƙofa, kada a riƙe abinci a hannu, ba su abinci laifi ne mai tara. Ta ce birin da ya saba da abincin mutane yakan zama mafaɗaci, ƙarshensa a kashe shi. Wanda ya taɓa kwana a sansanin Wikki a Yankari ya san wannan hali, domin nasu ma in ka bar taga a buɗe za ka tarar an yi maka aika-aika da jaka. Bambancin na nan shi ne in ruwa ya janye suna sauka kan duwatsu suna ɓamɓaro ƙananan halittun teku masu ƙwanso suna ci. Akwai ma'aikata da aikinsu ke nan, bin garken birai suna kora su daga wajen mutane.

A ƙarshen titi akwai babban filin mota, da shaguna, da ƙaramin jirgin da ake ja da igiyar ƙarfe zuwa saman dutse, mai suna Flying Dutchman. Kuɗinsa daban. Boeta ya ce gwiwarsa ba ta hawa, zai jira ni. Na zaɓi matakala don muryar a ƙafa aka tsara ta. A nan na san iskar Cape. Daga kudu maso gabas take zuwa a wannan lokaci na shekara, ba ƙura, amma da ƙarfin da sai ka riƙe ƙarfen gefen hanya. Hulata na cusa a aljihu, babbar riga kuwa ban ba kowa shawarar sa ta a wurin ba. Sau da dama iskar ta danne muryar, sai in fake a bayan dutse in mayar da ita baya in sake saurara. Wannan ma wani amfani ne: jagora mutum ba zai yi ta maimaita maka magana ba ga jama'a na jira.

A ƙwanƙolin dutsen tsohuwar hasumiyar fitila take, wadda ta fara haska wa jiragen ruwa hanya a 1860, mita 238 sama da teku. Tsayin nata ne ya zama matsala, domin hazo da gajimare sukan rufe ta, jirgi yana ƙasa ba ya ganin haske. A daren 18 ga Afrilun 1911 jirgin Fotugal mai suna Lusitania, wanda ya taso daga Mozambik, ya daki dutsen Bellows a cikin hazo. Mutum 774 ne a ciki, 475 daga cikinsu leburori ne 'yan Afirka. An ceto kusan kowa, takwas suka rasu da kwalekwalen ceto ya kife. Bayan haka aka gina sabuwar hasumiya can ƙasa, mita 87 daga ruwa, ta fara aiki a 1919. Muryar ta ce in juya dama in duba inda ruwa ke yin farin kumfa shi kaɗai a tsakiyar teku. Na duba, ga shi nan. Mutane da yawa a gefena suna ɗaukar hoto, ba wanda ya kalli wajen.

Ta kuma gyara wani abu da ake yawan faɗa: nan ba shi ne ƙarshen kudancin Afirka ba, wannan yana Cape Agulhas, kimanin kilomita 150 gabas. Matuƙin jirgin ruwa ɗan Fotugal, Bartolomeu Dias, ya kewaya wannan tsini a 1488, Vasco da Gama ya bi bayansa a 1497 ya kai Indiya. Na lissafa a raina, ashe a lokacin Muhammadu Rumfa ne ke sarautar Kano. Tun kafin su kuwa, ƙabilun Khoi da San suna zaune a wannan gaɓa, tarin ƙwanson abin da suka ci yana nan a bakin ruwa.

Daga nan na bi hanyar katako da ta ratsa saman gaɓar Dias zuwa Cape of Good Hope, Boeta ya zagaya da mota ya tare ni. Agwada na kwance a kan duwatsu suna shan hantsi, ba sa gudun mutum. A wajen allon katakon da kowa ke hoto layi ne dogo, na jira na ɗauka don mahaifinmu. Mun koma Buffels Bay muka ci soyayyen kifin snoek da dankali da matar Boeta ta ƙunso mana, a cikin mota, gilashi a rufe saboda birai. Muka yi alwala muka yi azahar a kan ciyawa. Alƙibla a can arewa take, da ɗan karkata gabas, kuma jikina da ya saba fuskantar gabas sai da Boeta ya kama kafaɗata ya juya ni.

Bayan salla na cire iyafis, muka zauna hira. Ya nuna mini inda mahaifinsa ke jan koma, ya gaya mini yadda ake gane snoek ya shigo daga yadda tsuntsaye ke taruwa, da iskar da in ta taso masunci ba ya fita. Babu ko ɗaya daga wannan a cikin wayata. Muryar ta san shekaru da sunayen tsirrai, ba ta gajiya, ba ta ƙosawa, amma ba za ka yi mata tambaya ba, kuma abin da mai rubutun ya zaɓa shi kaɗai za ka ji. Boeta shi ma ya ce ya kai baƙi wurin nan ba adadi, bai taɓa jin labarin tururuwar nan ba sai yau. Ya karɓi kunne ɗaya ya saurara.

A zaune a wurin Yankari ta riƙa zuwa mini. Faɗinta ya haura murabba'in kilomita 2,200, wannan gandu ko kusa bai kai ta ba. Tana da giwaye, da ɓauna, da gwanki, da dorina a kogin Gaji. Tana da ruwan Wikki mai ɗumi dare da rana, da kogunan Marshall da mutane suka sassaƙa a jikin dutse, da rijiyoyin Dukkey, da tsofaffin matoyar ƙarfe. An keɓe ta a 1956, aka buɗe wa jama'a a 1962. Amma yawancin masu zuwa wanka suke yi a Wikki, su shiga mota zagaye ɗaya, in ba su ga giwa ba su ce ba su ga komai ba. Sun wuce ta gaban taura da ƙirya da kanya, sun wuce sawun dabbobi da gidan gara, ba wanda ya ce musu tsaya ka duba. Masu gadin dajin sun san abubuwan nan sarai, sai dai mutum ɗaya ne a gaban mota cike da jama'a, na baya ba ya ji.

Kuma in akwai al'ummar da wannan abu ya dace da ita, mu ne. Mu mutanen rediyo ne, manomi na huɗa rediyonsa na rataye a reshe. Yau tsohuwar da ba ta karatun boko tana aika saƙon murya a WhatsApp ba tare da taimakon kowa ba. Allon bayani da Turanci mutum nawa yake yi wa amfani? Murya da Hausa kowa zai ji. Ba sai an jira manhaja mai tsada ba: a naɗi bayani gajere-gajere, a sa lamba a jikin itace ko dutse, a tura wa baƙo a waya tun daga ƙofa. Kuma muryar kada ta zama ta ɗan boko shi kaɗai. A nemo tsofaffin mafarauta da masu gadin daji da Fulani makiyaya da masu maganin gargajiya na ƙauyukan kewaye, su faɗa da bakinsu wace saiwa ce ke maganin me, wane kukan tsuntsu ne ke nuna ruwa na kusa, a biya su haƙƙinsu. A Yankari dole a ci gaba da shiga da mai gadi, domin dajin giwa ba wurin yawo kai kaɗai ba ne. Muryar ƙari ce a kan aikinsa. Tsofaffin nan kuwa suna tafiya ɗaya bayan ɗaya da abin da ke kansu.

Da la'asar muka fito. Ban samu tsayawa a gaɓar Boulders ganin tsuntsayen fengwin ba, waɗanda a Oktoban shekarar aka sa su cikin jerin masu dab da ƙarewa, saboda lokaci ya ƙure kuma kuɗin ƙofarsu daban ne. Mun biyo gaɓar yamma ta Scarborough, Boeta ya ratsa da ni Ocean View na gaisa da iyalinsa, aka ba ni shayi da koesister, wani soyayyen fulawa mai kirfa da aka barbaɗa wa kwakwa. Daga nan muka hau Chapman's Peak, titin da aka sara a jikin dutse aka buɗe a 1922, lanƙwasa 114 a cikin kilomita tara, dutse a dama, rami da teku a hagu. Ana biyan kuɗin hanya. Mun iso Bo-Kaap ana kiran magariba, cajin wayata ya kusa ƙarewa duk da fawa-bank.

Na dawo Kano ta hanyar da na bi. Da aka koma makaranta na kunna wa ɗalibaina bayanin wuta da tururuwa ina fassara musu, sannan na raba su rukuni-rukuni, kowane rukuni ya zaɓi itace ɗaya a harabar makaranta, ya je ya tambayi dattawan unguwa, ya naɗo bayanin minti biyu da Hausa. Na tsamiya da na darbejiya sun fi kyau. Na kuma yi waya da wani tsohon mai gadin daji da ke zaune a Mainamaji, ƙauyen da ke ƙofar Yankari, ya amince mu zo da na'urar naɗar murya bayan sallah, da sharaɗin mu fara da rijiyoyin Dukkey.